Garken Agogon Tanimu

Rana ta take tsaka, zafin bazara ya sauko wa kasuwar Gidan Rumji har ƙuda ma ya nemi inuwa. Babu iska, babu ko ɗigon gajimare a gabas. Sama ta yi fari fat kamar an wanke ƙwarya an kife.

A gindin wata bishiyar dogon yaro Tanimu ya shimfiɗa rawaninsa, ya jera agogo goma sha biyu a kai. Tun hantsi yake zaune. Mutane kan tsaya su duƙa su kalla, su ce tubarkalla, su wuce. Ko tayi ba wanda ya yi.

A damansa wata mata ce daga Gidan Sori ta kawo tasoshin aurenta. A hagunsa wani dattijo ne da rediyo da agogon hannunsa, yana neman tiya biyu ta hatsi a kan duka biyun. Shekarar fari ce, wadda aka rufe iyaka, kuma duk kasuwar kowa sayarwa ya zo yi.

Tanimu Bafillace ne, rugarsu tana yamma da gari. Shekara uku da suka wuce ya nemi Baturiya, ɗiyar Malam Magaji, manomi wanda kakanninsa suka taso daga Tibiri. Malam Magaji ya ce shi ba ya ba da ɗiya ga mutumin da gidansa ke bisa bayan takarkari, yau nan gobe can. In ya gina ɗaki ya zauna wuri ɗaya, to a sake magana.

Wannan maganar ce ta sa Tanimu ya sayar da bijimansa biyu ya bi alhazai. Da aka gama aikin hajji bai dawo ba, ya zauna yana yi wa wani Balarabe kiwon tumaki a bayan Jidda, yana tara abin ɗaki da na lefe.

Labarin gida a kaset yake zuwa masa, duk mai tahowa ya riƙo. Kawunsa Jaye ya fara magana, sai mata su biyo, can ƙarshe sai muryar Baturiya ƙasa-ƙasa, don a ɓoye take zuwa rugar ta sa tata. Kowa abu ɗaya yake faɗa: lafiya lau, shanu lafiya, damina da godiya. Haka mutanenmu suke, ba a aika wa matafiyi mugun labari.

A kaset na ƙarshe ne Baturiya ta ƙara kalma kaɗan. Ta ce ya yi maza ya dawo, Cindo mai hatsi ya turo manyansa neman aurenta.

Bai ƙara sati ba ya yi sallama da Balaraben.

A filin jirgi ya haɗu da Mudi, wani ɗan Gazawa da ya daɗe yana aiki a can, mai bakin magana, wanda ya san kan kaya. Shi rabonsa da gida shekara huɗu. Da aka buga masu hatimi a fasfo suka wuce wata ƙofa, sai Tanimu ya ga kantuna jere, fitilu kamar rana, turare na tashi, sanyi na ratsa ƙafa.

Mudi ya ja shi gefe ya yi masa bayani. Ya ce daga ƙofar can zuwa bakin jirgi ba ƙasar kowa ba ce, don haka ba duwan, wato kwastan, ba haraji, kaya suna zaune a kan kuɗinsu na asali. Wanda ya wuce nan da riyal a aljihu ya kai gida ya canja, ya yi wauta. Mai hankali kaya yake mayar da su.

Sai dai ba kowane kaya ba, in ji Mudi. Turare kwalba ce, tana fashewa. Rediyo yana da nauyi, kuma 'yan duwan na Yamai suna hango shi tun daga nesa. Alewa da taba kuwa na yara ne da 'yan iska. Agogo shi ne kaya. Ba ya ruɓewa, ba ya cin wuri, kuma a Maraɗi kowane ɗaya rago ne, ko buhu biyu na hatsi.

Tanimu ba mai gaggawa ba ne. Ya taɓa tambayar kuɗin irin waɗannan agogunan a kasuwar cikin gari, don haka ya sa Mudi ya karanta masa abin da aka rubuta a ƙarƙashin gilashi. Ya ji lallai akwai rangwame, kusan kashi ɗaya cikin uku.

Duk da haka ya taya, don bai taɓa sayen ko igiya ba tayi ba. Mai kantin ya yi murmushi ya nuna masa 'yar takardar da yatsa. Tanimu ya juya kamar zai tafi, yana jiran a kira shi. Ba a kira shi ba. Mudi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce nan ba kasuwar shanu ba ce, ba a cewa albarka.

To amma kamar shanun ya duba su. Ya ɗauki kowane ya auna nauyinsa a tafi, ya juya bayansa, ya ja mariƙinsa, ya kara a kunne ya saurari bugun zuciyarsa. Masu batir ya ture su gefe ko da sun fi araha, ya ce a ƙauye ina mutum zai sami batir ɗan mitsitsi haka. Ya zaɓi waɗanda motsin hannu ke tafiyar da su. Guda goma sha biyu, sannan da abin da ya rage ya ɗauki wani ƙarami na mata, mai ruwan zinariya.

Mudi ya ɗaura masa su shida-shida, tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, ya sauke hannun jallabiya ya rufe. Haka ya shiga jirgi yana ƙas-ƙas kamar gidan gara. Duk tsawon tafiyar murmushi yake yi. Yana ganin ɗaki, yana ganin akwatin lefe, yana ganin Malam Magaji ya miƙo masa hannu.

Tun a motar da ta ɗauko shi daga Yamai murmushin ya fara gushewa. Ƙasusuwan shanu ne a bakin hanya, fari tas, da mata masu goyo suna bin mota da ƙwarya.

Rugarsu ya tarar ba kowa sai turaku. Aka ce masa Kawu Jaye ya yi kudu tun kaka da shanu biyar, su ne suka rage cikin saba'in.

Malam Magaji ya karɓe shi a zaure ba faɗa ba fara'a. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Ya ce maganar ɗaki ta wuce, yanzu maganar ciki ake yi. Baki goma sha ɗaya ke gidansa, kuma sun cinye har irin shuka. Cindo ya yi alkawarin buhu goma sha biyar. Shi ba zai tilasta wa ɗiyarsa ba, don ba yarinya ba ce, sa'o'inta duk suna da 'ya'ya. Amma in Tanimu da gaske yake, ya kawo buhu goma kafin Juma'ar da mutanen Cindo za su dawo jin amsa.

Tanimu ya ce to, don a lissafinsa agogo biyar sun isa.

Ya kai su Maraɗi. 'Yan tireda suka buɗe masa akwatunansu, cike da agogunan da mutane suka kawo don abinci. Wanda ya fi tausayi ya taya masa duka a kan abin da bai kai kuɗin uku ba. Ya kai su Cadawa, nan ma haka. Hanyar Jibiya kuwa a rufe take. Yau ga shi a kasuwar gida, kuma ita ce ta ƙarshe kafin Juma'a.

Irin agogon nan in ya kwana biyu ba a motsa shi ba sai ya tsaya. Saboda haka kullum da safe Tanimu yakan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya girgiza, ya kara a kunne, ya goge da bakin riga. Masu ganinsa suka fara cewa Bafillace ya fito da garkensa kiwo. Bai ji haushi ba. Har yanzu ma in ya wuce gindin gawo sai ya tsinci 'ya'yan ya zuba a aljihu, alhali ba shi da ko akuyar da zai ba.

Inuwa ta faɗo kan rawanin. Ya ɗaga kai, sai ga Cindo, cikin shadda mai maiƙo, makullan mangazarsa, ɗakin ajiyar hatsinsa, na lilo a yatsa. Shi kaɗai ne a kasuwar wuyansa bai zube ba.

"Alhaji Ɗan Fulani, ina kiwo?" in ji Cindo. "Cikinsu wace ke ba da nono?"

Tanimu ya amsa gaisuwar a hankali, ya ce kiwo da godiya.

Cindo ya tsuguna ya ɗauki ɗaya ya duba. Ɗan kasuwa ne, ya san abu mai kyau, kuma fuskarsa ta nuna. Ya ce gaskiya an iya saye, ko shi ne ya je ba zai samo su a haka ba. Abu ɗaya aka manta, ba a tambayi shekarar ba.

"Zan ba ka buhu uku, in kwashe duka," ya ce. "In aje su har duniya ta yi daɗi. Ba don na tsane ka ba, wallahi ko Maraɗi ba mai ba ka haka. Ka ci ɗaya, ka sai da biyu, ka bi kawunka kudu."

Ya aje agogon a inda ya ɗauka, ya ce ƙofar mangaza a buɗe take har Alhamis, ya tafi.

Da la'asar Tanimu ya naɗe kayansa ya bi ta rijiyar bayan gari, don ya san lokacin ne Baturiya ke zuwa sauya wa anza ruwa. 'Ya'yan dajin nan masu ɗaci sai sun kwana huɗu a jiƙe ana zubar da ruwan kafin su ciwu, kuma su ne tuwon gidan Malam Magaji tun wata biyu.

Ya same ta duƙe a kan tukunya. Warwaron hannunta ya zamo har ya kusa fita. Ta gan shi, ta duba jakar da ke kafaɗarsa, ta ga yadda take da nauyi, ba ta tambaye shi kasuwa ba.

Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Baturiya, don mi ba ki faɗa mini ba?" ya ce. "Kaset shida. Ko a ɗaya ki ce babu."

"In ce mi? Kana ƙasar mutane kai kaɗai, kana kwana cikin tumakin wani. In ce maka shanunku sun ƙare? Kawu ya hana. Ya ce duk wanda ya sa kuka a kaset ɗin nan bai yafe ba."

"Da kuɗin na riƙo a hannu, da yau buhu goman suna zaurenku."

"Na sani." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, suka gangara cikin tukunyar. "Tun ranar da na ga abin da ka zo da shi nake faɗa wa kaina, ni na saye su, ba kai ba. Ni na ce maka lafiya lau."

Ya ce kada ta ɗora wa kanta. Ya ba ta labarin kantin, da fitilun, da yadda ya taya aka yi masa dariya, da yadda ya shiga jirgi yana ƙas-ƙas. Ta yi 'yar dariya cikin kukan, ta ce Ɗan Fulani ko Aljanna aka kai shi sai ya duba haƙoran kaya. Sai kuma dariyar ta mutu.

Ya ciro ƙaramin agogon daga aljihu, naɗe a ƙyalle, ya miƙa mata. Ta kalle shi, ta ɓoye hannayenta a cikin zane.

"Kar ka ba ni. In na karɓa na yi maka alkawari, ni kuwa ba ni da shi yanzu." Ta ɗago ta dube shi. "Ka ji ni da kyau, don kar wani ya faɗa maka daban. Baba ba zai tilasta ni ba. Ni da bakina zan ce na yarda da Cindo. Jiya autarmu ta ci anza ta amayar, ta sake kai hannu cikin kwanon. Shekara uku na jira ka, in da ni kaɗai ce sai in ƙara goma. Amma ba zan iya kallon wannan ba."

"Kina son shi?"

"Wa ke maganar so? Yunwa nake ji, Tanimu. Mai jin yunwa bai san abin da yake so ba."

Ta ɗauki tukunyar ta aza a ka. Ya miƙe zai kama mata, ta girgiza kai. Ya tsaya yana kallonta har ta shige lungu.

Kwana uku maganar nan tana yi masa yawo a kai. Ba ta Cindo ba, ba ta buhu goma ba, wannan ta ƙarshen.

Ranar Alhamis da hantsi ya girgiza agogunan nan goma sha biyu, ya saurari kowane, ya goge su, ya kai mangaza. Bai taya ba. Abu ɗaya ya roƙa, cikin ukun ɗaya ya zama gero mai kyau na shuka. Cindo ya dube shi da mamaki, ya ce mai tafiya kudu me zai yi da iri. Tanimu ya karɓi buhunan. Ya ɗauki hayar amalanke ya nufi gidan Malam Magaji.

Dattijon ya fito da sallamar, ya dubi buhunan, ya ƙirga da ido.

"Goma na ce, yaro."

"Na ji, Baba. Waɗannan ba na aure ba ne, ba su kai ba, na sani. A dafa a ci yau. Gobe in an tambaye ta, ta ba da amsa da cikinta a ƙoshe. Duk wanda ta zaɓa a haka, na yarda."

Malam Magaji ya sake duban buhunan. Ya tambayi ina agogunan. Tanimu ya ce suna wurin mai iya jiran shekara mai kyau. Dattijon ya tambaye shi shi kuma me zai ci. Tanimu ya ce Bafillace ba ya rasa abin da zai tauna a daji.

Ya sauke buhunan a zaure shi kaɗai, ya yi sallama zai fita. Sai ya ji wani nishi daga bayan danga, irin wanda duk ɗan ruga ya sani ko cikin barci.

Ya leƙa. Saniyar gidan ce, guda ɗaya da ta rage, kwance a gefenta, ƙashin baya tsaye kamar turke. Malam Magaji ya ce tun asuba ta faɗi, sun ja ta da igiya ta ƙi tashi, har ya aika a kira mahauci kafin ta yi mushe.

Tanimu bai nemi izini ba. Ya shiga, ya tuɓe rigarsa, ya ciro ƙaramin agogon don kar ya fashe ya rataye a kan turke. Ya tsuguna ya buɗe idon saniyar, ya shafa hancinta, ya kara kunne a haƙarƙarinta. Ya ce ba ciwo ba ne, ƙarfi ne babu, kuma ba a jan irin wannan da igiya, wuya ake karya mata.

Ya sa aka kawo taɓare biyu. Ya naɗe ƙafafunta a ƙarƙashinta, ya zura taɓarya ɗaya a bayan ƙafafun gaba, ɗaya a gaban na baya. Mutum huɗu ake so. Ya kama ƙarshen ɗaya, Malam Magaji ya kama ƙarshen ɗayar. Inna Tala, uwar Baturiya, ta aje muciya ta zo. Saura ɗaya. Dattijon ya ƙwala wa ɗiyarsa kira.

Ta fito kanta a sunkuye, ta kama ƙarshen taɓaryar da ke fuskantar Tanimu.

Ya yi wa saniyar magana da Fillanci, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ya ce su ɗaga tare. Suka ɗaga. Ta yi tangaɗi, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ya sa kafaɗa ya tare ta, yana murza mata cinya har jini ya zagaya. Can sai ta dafa ƙasa da kofato, ta tsaya.

Ya zazzage aljihunsa, 'ya'yan gawo suka zubo. Ya farfasa su a tafi ya kai mata baki. Ta shinshina, ta lasa, ta fara tauna.

Ba wanda ya ce masa sannu. Inna Tala ta koma wurin tukunya, inda aka riga aka kwance bakin buhu. Malam Magaji ya tsaya yana kallon saniyar, hannunsa a gemu. Da mahauci ya yi sallama a waje, ya ɗaga murya ya ce ya koma, an fasa.

Tanimu ya mayar da rigarsa ya nufi ƙofa. Yana gab da zaure ya ji muryar dattijon a bayansa, ba da shi yake ba, da matarsa yake.

"Tala, a aika gidan Cindo a ce kar su taho gobe. Ina da aikin saniya, da asuba take faɗuwa, kuma sai da mutum huɗu."

Tanimu bai juya ba, don kunya. Sai da ya fita ya zagayo ta bayan danga ya tuna da abin da ya bari a kan turke. Ya tsaya, ya leƙa ta tsakanin kara.

Malam Magaji ne riƙe da ƙaramin agogon. Ya kara a kunne, ya yamutsa fuska, ya girgiza shi sau uku yadda ya ga ana yi a kasuwa, ya sake saurare. Sannan ya miƙa wa ɗiyarsa ba tare da ya dube ta ba.

"Riƙe wa mai shi," ya ce. "An ce in ba a hannu yake ba, tsayawa yake yi."

Ya ɗauki bokiti ya tafi ɗebo wa saniya ruwa.